Muryar da Na Kwaikwaya a Zawaciki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je barka Zawaciki ba. Ko yanzu na tuna, sai kunya ta kama ni.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin sabulu a Bompai, kuma wata takwas ke nan Nura yana nemana. Mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya: fina-finan jaruman nan masu tashi sama da ƙyalle a baya, waɗanda ake fassarawa da Hausa. Duk Juma'a sai ya turo min sabo. Ni kuwa sun ishe ni. Kullum duniya za ta tashi, kullum a rushe gari guda, kullum wani mai matsattsun kaya ya ceci kowa ana saura daƙiƙa uku. Amma in ya tambaya sai in ce, "Kai, ya yi kyau!" (Ni da na fi son in zauna da littafin waƙe ina sauraron ruwa a indararo.)

Mahaifin Nura ya rasu, don haka babban wansa, Yaya Sabi'u, shi ne uba. Sai ya amince za a tura manya gidanmu, kuma ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani kawai, yana aiki a wata masana'antar fata a Challawa. Da matarsa ta haihu, Nura ya ce in je barka, ko Allah zai sa mu gaisa.

Na tarar da matar tasa, Anti Hadiza, a kan gado da jaririya, talabijin na ta ruguntsumi da irin fim ɗin. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta zuba min kunun kanwa.

"Nura ya ce ke ma gwanar kallon nan ce," in ji ta.

Ban san me ya shige ni ba, ko ɗumin kunun ne.

"Anti, in faɗa miki gaskiya? Wallahi na gaji da su. Fim ɗin ma da sauƙi, mai fassarar nan ne ke sa min ciwon kai." Sai na kumbura wuya, na ɗaga hannu, na kwaikwaye shi: "Kai yaro! Yau za ka ɗanɗana kuɗarka!"

Anti ba ta yi dariya ba. Ƙofa take kallo.

"Salamu alaikum."

Muryar mai fassarar ce. Ita ɗin dai, babu ƙarar bam a bayanta, sai takalmin aiki da aka tuɓe a bakin labule. Na zame daga kujera na durƙusa.

"Ina wuninku, Yaya. An samu ƙaruwa, Allah ya raya."

"Amin. Ke ce ta Nura?" Ya zauna. "Sake yi in ji."

Na dubi Anti, ta duƙufa gyara wa jaririya hular da ba abin da ya same ta. Haka na sake yi, da murya kamar ta ɗan tsako.

"Ba haka nake yi ba, daga ciki ake ɗaukowa," ya ce, ko murmushi babu. "Ni ma sun gundure ni. Duk Lahadi in ceci duniya, Litinin in koma cikin warin fata. Wannan ba laifi ba ne. Amma wata takwas kina ce wa ƙanena ya yi kyau? Yana zuwa nan yana min alfahari da ke. Ki faɗa masa da bakinki. In ya ce yana nan a kan bakansa, za mu zo."

A cikin adaidaita sahu na kira Nura, na zayyane masa komai. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Har da wanda ya ɗaga jirgin ƙasa?"

"Shi ya fi gundurata."

Ya kashe waya. Kwana uku ina auna sabulu ina leƙen allon wayata. A na huɗu saƙonsa ya shigo: "Manya za su zo ranar Asabar. Amma maganar jirgin ƙasan nan ba ta ƙare ba."

Tun daga ranar na koyi faɗin ƙaramar gaskiya da wuri, ga wanda ya kamata ya ji ta. In kuma ta kama sai na kushe wani abu a gidan mutane, sai na fara tambayar me maigidan yake yi ranar Lahadi.