Rasuwar Mai Agogo ta Shagon Mannir

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Mannir mai maganin dabbobi na Tambuwal, a madadin iyalina da abokin aikina Attahiru, ina sanar da 'yan'uwa da makiyayan da ke zuwa mana daga Kebbe da Dogon Daji cewa kwamfutar shagonmu, wadda kowa ya sani da Mai Agogo, ta bar mu ranar Alhamis da ta wuce.

Marigayiyar ta zo mana ne daga Sakkwato a bayan mota, nannaɗe cikin bargo. Ƙanena Nasiruddeen, wanda ya yi karatun kwamfuta, shi ya zuba mata sunayen dabbobin da muke dubawa, da shekarunsu, da allurar da aka yi wa kowace. Sannan ya koya mata halin da ya sa muka ba ta wannan suna: duk sa'ad da aka taɓa bayanin wata dabba, ita da kanta take rubuta rana da lokaci a gefe, ba tare da an ce mata ta rubuta ba. Ba ta taɓa mantawa ba, ba ta kuma taɓa jin kunyar kowa ba.

Ta kasance mai haƙuri da kawaici. Da safe takan ce “tit” sau ɗaya, sai ta kama “gurrr” ɗinta a hankali har a rufe shago. Ba ta hana mutum yin ƙarya, amma takan rubuta lokacin da ya yi ta. Attahiru shaida ne. Ana gab da Babbar Sallah ya rage wa tsohon ragonsa shekara biyu a cikinta, don ya nuna wa mai saye. Ta karɓi gyaran cikin ladabi. Da mai sayen ya leƙa, sai ya ga an rubuta a gefe cewa ragon ya koma yaro ne da hantsin ranar. Attahiru ya yi mako bai goge mata ƙura ba. Yau ya fi kowa kuka, kuma iyali sun karɓi kukan a yadda ya zo.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ruɗewa. Wani ɗan batir mai kamar kwabo da ke cikinta ya mutu, sai ta riƙa farkawa kullum tana zaton ranar farko ce ta shekarar 2010. Ba ta daina aiki ba, abin da ya fi ba mu tausayi ke nan. Ta rubuta da gaskiyarta cewa an yi wa 'yar akuyar Batula allura tun kafin a haifi kakar akuyar. Ni kuma da na saba yarda da ita, na ga bijimin Ɗangiwa na Kebbe kamar ya yi shekaru ba a duba shi ba. Na hau babur, na sha hanyar nan da kuka sani, na je na sake ɗura masa maganin tsutsar da ya sha makon da ya gabata. Bijimin ya rayu, amma yanzu da ya ji ƙarar babur ɗina yake tsinke igiya. Ɗangiwa ya rako ni bakin garke ya ce, “Malam Mannir, wagga na'ura taka ta tsuhwa, ku bar ta ta huta.” Na tayar da babur na kama hanya, raina a ɓace.

Nasiruddeen ya yi alkawarin kawo sabon batir ranar Asabar. Ranar Alhamis wuta ta dawo da ƙarfi. Ta ce “tit, tit”, ta ce “fat”, ɗan hayaƙi ya fita ta bayanta. Attahiru ya ce kafin la'asar ne, ni na ce bayan la'asar. Wadda ta rubuta wa kowa lokacinsa, ba a sami mai rubuta nata ba.

Ta rasu ta bar firinta, wadda ta daina cin takarda tun ranar, da allon rubutu mai giɓin harafi ɗaya, da linzaminta da ake ce wa mawus, da sitabilaiza, wanda aikinsa ne ya tsare ta, wanda kuma har yanzu bai ba da bayanin inda yake ba a lokacin.

Nasiruddeen ya ciro ma'ajiyar bayananta, ya ce dabbobin kowa suna nan lafiya, a kwantar da hankali. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar shago daga gobe da safe, akwai tabarma da shayi. Ana roƙon masu zuwa kada su ce mini ai inji ne. 'Yan gwangwan sun zo har sau biyu da sikelinsu, an sallame su. Maiɗakina Mu'minatu ta roƙi a ba ta gangar jikin marigayiyar don kazarta ta yi kwanci a ciki, kuma iyali sun amince. Za a ɗauke ta zuwa gida ranar Lahadi bayan azahar, a kafaɗata. Kazar ta riga ta fara ƙwai, saboda haka ba za a jira wanda ya makara ba.