Cindo da Jiminar Mutane

Mu uku ne a gidan nan, in ba a sa awaki ba. Ni Uwani, wadda tun rasuwar Malam ban tsuguna wa kowa ba. Sai 'yata Lantana, da ta yi boko. Sai ƙanen marigayi, Cindo, mai shekara arba'in da yatsu shida a hannun dama. Allah ya ba Cindo hannu, ya rage masa a wani wajen. Ka ba shi ƙwarya da ƙarfe mai zafi, zai zana maka kaza har ka ji kamar ka watsa mata tsaba. Amma magana, yadda ka faɗe ta haka zai ɗauke ta, ko ɓawonta ba ya ɓarewa.

Shekara da shekaru Barmo dillali ke kwashe mana ƙore a arhar banza, ya kai birni ya ci riba. Da Lantana ta buɗe mana shago a kasuwar intanet, inda mutum zai ga hoton kaya a waya ya saya, mu kai tasha a ba direba, sai na tafi har rumfar Barmo ranar kasuwa. A gaban jama'a na ce masa ko ludayi ba zai ƙara gani daga hannuna ba. Ya yi dariya, ya ce kowa ya yi nisa gida zai dawo. Tun ranar, shagon nan shi ne mutuncina.

Wata rana Lantana ta ce masu saye sun gaji da kaza da ƙadangare, yara yanzu wani katun suke so, na wata jimina mai takalmin ƙwallo. Ni kuwa na ce wa Cindo ya je gidan kallo, abin da ya gani a talabijin ya zana shi daidai, kada ya rage komai. Bai rage ba. Masaki arba'in ya yi, kowanne da jimina, da tambarin kamfanin da ke fitowa a kusurwa, har da tsagewar gilashin talabijin ɗin. Kwana huɗu kaya na tafiya kamar ƙosai, ina ta zarya tsakanin gida da tasha. Rana ta biyar Lantana ta fito da waya a hannu, fuska ba annuri. Ta ce masu kasuwar sun sauke hotunan, sun ce jiminar tana da masu ita, su suka kai ƙara. Gargaɗi na ɗaya ke nan, kuma in ya kai uku za a rufe shagon, ba buɗewa.

Na ce ƙwaryar tawa ce, duman a bayan ɗakina ya fito, hannun na ƙanen mijina ne. Lantana ta ce duk an yarda, amma siffar tsuntsuwar ta wasu ce, su suka ƙirƙiro ta, kamar yadda ba za ki ɗauki turmin maƙwabciya ki riƙa ba da haya ba. Wannan na gane.

Wata rana, kashegari ma, na sayi goro fari mai kyau na ƙulle a ganye. Na ce wa Cindo abin aro ba ya son raini, ya je ya nemi izini kamar yadda ake yi, ya durƙusa, kada ya taso sai an amsa masa. Nufina ya tambayi mai gidan kallo ko ya san hanyar mutanen. Tun hantsi ya fita, sai la'asar ya dawo, gwiwoyinsa duk ƙasa, yana fara'a. Ya ce an yarda. Ban tsaya bincike ba, don zama ya gagare ni, tun safe nake leƙen ƙofa. Na tsare Lantana na ce ta mayar da hotunan yanzun nan. Ta yi ta ja, na ce ni na haife ta ko ita ta haife ni. Ta mayar. Sai da gargaɗi na biyu ya shigo na zaunar da Cindo.

"Cindo, wa ya ba ka izinin nan?"

"Ita kanta, Yaya. Na ajiye goron a gaban talabijin, na gaishe ta, na faɗi buƙata. Ta daɗe tana guje-guje, ba ta kula ni ba. Can ta tsaya, ta gyaɗa kai har sau biyu."

"Goron fa?"

"Mai gidan kallo ya ce zai ajiye mata."

Wata rana na ce ba wanda ya taɓa fin ƙarfina a ciniki, ba kuwa a kan tsuntsuwa za a fara ba. Na sa Lantana ta rubuta wa masu jiminar cewa a kowace ƙwarya goma zan ba su ɗaya, in sun matsa biyu, kuma wannan don mutunci ne. Na jira su taya in ce albarka. Ba su taya ba. Lauyansu ne ya amsa, gajeren saƙo. Ya ce kafin Juma'a a nuna musu shaidar cewa an daina sana'ar jimina, in ba haka ba za su sake kai ƙara. Ba gaisuwa, ba tambayar iyali.

A kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya, in ajiye. Masaki talatin da suka rage suna jere a zaure suna kallona da dogon wuya. Ranar Laraba Barmo ya biyo ta ƙofar gida, wai ya zo gaisuwa. Ya ce ya ji an sami matsala da Turawa, shi kam ba ruwansa da tambari, in ina so ya rage mini kaya. Na ce masa lafiya lau muke, ya gaida gida.

Wata rana, Alhamis ce, na yanke shawara a raina. Zan ɓoye masakan a rumbu, Lantana ta ɗauki hoton zaure wayam ta aika, in ƙura ta lafa mu ci gaba a ɓoye. Ban gaya wa kowa ba. Zan fita gidan suna, na tarar da Cindo a zaure yana goge su da tsumma, sai haushi ya kama ni. Na ce ya cire mini jiminar nan daga gabana, kada in dawo in ga ko farcenta.

Da na dawo, na ji ƙarar huji tun daga waje. Masakan suna nan inda na bar su. Jiminar ce babu. Cindo ya bi kowace da wuƙa da basilla, ya yanke ta gutsure-gutsure, wuya daban, ƙafa daban, takalmi daban, har tambarin. Da ya ga ramukan sun yi muni, sai ya daidaita su, ya zagaye su da ƙananan huji kamar tsakiyar faifai. Masaki talatin, ba wanda zai riƙe ko cokalin fura. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka.

Lantana ta ɗauki hoto ta aika. Da yamma amsa ta zo. Lauyan ya ce ɗaki wayam ba ya gamsar da su, kullum shi ake aiko musu, amma wannan sun gani da idonsu, magana ta ƙare. Ni kaɗai na san abin da na so aikawa.

A cikin hotunan akwai ɗaya da rana ta ratsa ramukan, ta zuba wa bango ɗigo-ɗigon haske. Lantana ta sa shi a shago don kada ya zauna ba kaya. Kafin Asabar wata mai otal ta kira, ta ce murfin fitila irin wannan take nema, wa ya yi zanen? Na karɓi wayar da kaina na ce namu ne, na gida, ba mu ara a wurin kowa ba. Ta taya, na ce albarka. Ta ƙara, na ce albarka. Sai a karo na huɗu na sallama, shi ma don ta iya gaisuwa.

Ina ajiye wayar Cindo ya shigo da ƙullin buhu a kafaɗa. Ya ce gutsattsarin jiminar ne, ya tattara duka, tunda an ce tana da masu ita, a ba shi kwatancen gidansu ya kai musu abarsu.

Na ce ya rataye a rumbu. Ranar da suka zo karɓa, sai mu zauna mu yi maganar kuɗin ajiya.