Yadda Na Zama Sha-inuwa

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba, ko na so ba za a bar ni ba. Ruwa ya sauka da kyau a Ollelewa, ciyawa ta fi hatsi sauri, amma garin ba daɗi, don shekarun ne Nasara ke kwasar maza aikin hanya. Da maigidana aka tafi. Aka bar ni da goyo, da uwar mijina da nake kira Inna, da gonar da ta fi ƙarfinmu.

Inna ta bi gida-gida roƙon gayya. Mazan da suka rage suka amsa, har da makaɗi. Ƙa'idar kowa ya san ta: su noma, mu ciyar. In rana ta take fura ba ta iso gona ba, kowa ya saɓa hauyarsa, kuma ba a amsa kira na biyu.

Tun asuba nake daka, haƙori na sukata har cikin kunne. Na bar wa Inna yaro, na ɗauki ƙwaryar fura. A bakin rijiya na tarar da wata Buzuwa tana ba jakuna ruwa. Ta dubi kumatuna.

"Ƴar'uwa, haƙori ne? Ungo." Ta kwance bakin zanenta, ta ba ni garin taba da kanwa. "Danna a gurin."

Ba ta ce in tofar ba. Ni kuwa an raine ni a kan mace ba ta tofar da yawu a hanya (kunya, wai). Sai na yi ta haɗiya, cikin ladabi.

Ban yi nisa ba ƙasa ta fara juya mini. Na sauke ƙwarya gindin wata aduwa, na ce bari in ɗan zauna. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ganga ce ta tashe ni. Na buɗe ido, ga ƴan gayya kewaye da ni, hauya a kafaɗa, ga awakin mutane kai cikin ƙwaryata, gemu fari fat da fura. Kallabina can gefe, yawun taba har wuya.

"Giya ta sha?" in ji wani.

"Haba, hutawa take," in ji makaɗi. Ya buga ganga bisa kaina. "Sha-inuwa! Sannu da aiki!"

Inna ta iso da yaro a baya. "Ɗana na can yana fasa dutse, ke kina nan kin bugu?"

"Inna, haƙori ne..."

"Rufe bakin nan, warinsa ya ishe mu."

Suka watse da yunwarsu. Rabin gona ya rage cikin ciyawa, kuma rabin nan ne muka rasa a rumbu. Sunan kuwa ya bi ni. Jikokina ma sun ɗauka da shi aka yi mini suna.

Abin da ke mini ciwo, mazan nan su ne ke ƙare rani a inuwa suna dara. Nasu shan iska ne, miƙe ƙafa ne, taɓa hira ne. Ni sau ɗaya na kwanta a rayuwata, na zama raguwa, cima-zaune, bugaggiya. Daga nan na gane ba komai ake haɗiyewa don ladabi ba.

Washegari na goya yarona, na saɓi hauyar ubansa, na nufi gona ni kaɗai, haƙori na nan yadda yake. Da na zo gindin aduwar nan, ga mutane suna wucewa, sai na tsaya, na tara yawu, na tofar da ƙarfi a gabansu.