Kamu Shida na Dogo, Kamu Shida na Gajere

Yau da hantsi na yi karo da ginshiƙi. Na shigo makaranta da ƙwaryar ruwa a kai, ina waige ina yi wa akuya tsawa, sai ji na yi gau. Goshina ya tashi kamar ƙwan zabo, ruwa ya jiƙe yara uku, ni kuwa na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye. Ku tsaya ku ji yadda ginshiƙin nan ya zo tsakiyar ɗaki, don bara aka yi, ban manta komai ba.

Mijina Malam Siddiƙu, Allah ya jiƙansa, shi ya buɗe makarantar a zaurenmu nan Ƙofar Marke. Gari ya yi ta cika da baƙi, kowa da 'ya'yansa, har ta kai ko madafi na shiga sai na tsallake allo. Ranar da zai cika ya ce mini, "Balaraba, kada a mai da ɗan kowa gida don ba wurin zama." Na ce to. Ƙanensa Malam Bawa ya karɓi karatu, ni na karɓi alkawari.

Muka kai kuka wurin wani babba da nake kira Uban Alkawari, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo. Ya ce kafin damina za mu ga zauren da raƙumi zai juya a ciki. Ya aiko a ƙirga yara. Mai ƙirgar bai shiga ba, ya tsaya a ƙofa ya ƙirga takalma, ya samu mutum bakwai. Yara sittin ne a ciki. Maƙwabciyata Uwani ta ce masa, "Ranka shi daɗe, ƙirga hanci, shi kowa ya taho da nashi."

Kowane gida ya ba da damin gero don ciyar da magina. Manya suka zauna kwana tara suna shawarar inda ƙofa za ta kalla. Shawara kuwa ba ta yiwuwa da yunwa, sai aka daka geron magina aka dama musu fura. Rana ta goma suka yanke cewa ƙofa ta zauna inda take. Irin wannan hangen nesa ba a samunsa a kasuwa.

Sai aka naɗa wakilai biyu, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Dogo ya zo ya auna faɗin sabon zaure da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu shida. Aka yaye rufin tsohon zaure, aka rushe bango ɗaya, aka gina sabo a kan awonsa. Gajere aka tura inda giginya take, ya yanko azarar rufi. Shi ma da nasa hannun ya auna, kamu shida cif.

Ranar da jakuna suka iso da azara har guɗa muka yi. Yari magini ya hau bango, ya ɗora kan azara, ya miƙa ta wancan gefe, ta faɗo cikin ɗaki. Ya gwada ta biyu, ta bi 'yar'uwarta.

Dogo ya ce, "Shida na auna." Gajere ya ce, "Shida na yanka." Kowa ya naɗe hannun riga ya sake awo a gabanmu, kuma kowa gaskiyarsa. Uban Alkawari ya shafa gemu ya ce tunda ba wanda ya yi kuskure, ba abin gyara. Amma za a zauna a gano hannun wa ya dace a riƙa awo da shi. Da aka gaya masa gero ya ƙare, ba a sake jin zancen zaman ba.

Mun sha dariya, sai dai hadari ya fara leƙowa daga gabas. Bangon ƙasa ba rufi, ruwa biyu ya isa ya narkar da shi. Iyaye suka fara cewa za su kwashe 'ya'yansu. Na sa mayafi na tafi gidan Yari.

Na ce, "Baba Yari, mi za mu yi?"

Ya ce, "Balaraba, azara dai ba ta ƙara tsawo. Sai ginshiƙi a tsaka, a gitta itace bisa, ta samu wurin hutawa."

Ya zo ya taka ɗakin, ya tsaya, ya buga ƙafa ya ce nan. Daidai inda tsohon bango yake, inda Malam Siddiƙu ya shimfiɗa buzunsa ya jingina shekara ashirin, har ƙasar ta lotsa. Tun rasuwarsa ban bari kowa ya zauna a wurin ba. Uwani ta dafa ni ta ce, "Da ma shi ka ɗauke da makarantag ga. Bar shi shi ci gaba."

Mata muka ɗebo ruwa, maza suka kwaɓa ƙasa, kowa ya ci tuwon gidansa. Kwana uku da gama rufi ruwan fari ya sauka. Na tsaya a ciki ina jin sa a bisa, ko ɗigo babu. Yanzu yara sun kai tamanin, kuma ba a mai da ɗan kowa gida ba.

Da gari ya washe bayan ruwan farin nan sai ga Uban Alkawari, Dogo a dama, Gajere a hagu. Ya shafa ginshiƙin ya ce tun farko yana cikin shirinsa, don haka a riƙa kiransa da sunansa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ya dace."

Yau da nake zaune a ƙasa ina riƙe da goshi na ƙare masa kallo. Ga ƙiba, ga tare hanya, ya buge ni ko sannu bai ce ba. Lallai sun yi kama. Sai dai shi wannan, abin da ke kansa ba rawani ba ne, rufin yara tamanin ne.