Ranar da Na Tara Gayyar Sauke Kwalbati

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara garinmu kaf, har da mai ganga, don in nuna musu yadda ake aiki a ƙasashen waje.

Akwai wani kwari tsakanin ƙauyenmu da hanyar Tsanyawa. Da rani ko akuya ba ta kula shi, amma da damina ta kankama sai ya raba mu da duniya: ba kasuwa, ba makaranta, mai naƙuda kuma sai dai a jira ruwa ya janye. Da aka tashi yin kwalbati, ni aka ba shugabancin kwamiti. Ban yi mamaki ba. Na yi shekaru ina aiki a Jidda, na zauna a Kwatano, na leƙa Turkiyya, ina jin Larabci da Faransanci da Turanci. (Mutanen garinmu ma sun san haka, don ban taɓa bari sun manta ba.)

Injiniyan da muka samu a Kano ya kira ni a waya ya ce an gama zuba sassan kwalbatin a filinsu, kawo su kawai za a yi a jera. Matsalar ɗaya ce: motar ɗaga kaya tana wani aiki, sai bayan mako uku. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Nan take na tuna wani ofis da na ga an haɗa a Jidda cikin yini guda. Bango da rufi da taga duk a masana'anta aka yi su, mutum huɗu suna ɗaukar bango guda kamar tabarma, suna ɗaurewa da noti. Ai wannan ma a wani wuri aka yi shi, za a kawo a haɗa. Abu ɗaya ke nan.

“Injiniya, turo su kawai,” na ce. “Muna da maza.”

Ya ce, “Baba, ka san nauyinsu kuwa?”

Na ce masa tun ba a haife shi ba nake ganin irin wannan aiki. Ya ce to, zai turo su.

A taron kwamiti mutum ɗaya ne ya yi gyaran murya, Malam Idi, mai zuba zoben rijiya a bayan gidana. Ya ce, “Alhaji, da dai an tambayi faɗinsu.” Na yi masa murmushi na ce ai wannan fasahar waje ce. (Allah Ya yafe mini murmushin nan.)

Ranar Asabar aka yi gayya. Mata sun dama fura, dagaci ya zo an shimfiɗa masa darduma, mai ganga ya ɗauki kiɗa. Na yi jawabi, har na sa Larabci a ciki. Sai ga babbar mota tana nishi, ɗauke da zobba shida na kankare, kowanne mutum zai iya ratsa cikinsa a sunkuye.

Gabana ya faɗi, amma na riga na yi jawabi. Na tuɓe babbar riga, na hau motar da majiya ƙarfi goma sha biyu, na sa kafaɗa. “Da sunan Allah, ɗaya, biyu, uku!”

Zoben ko gezau. Abin da ya motsa kawai zariyar wandona ce, ta tsinke ɓas! Na cafke wando da hannu biyu a saman mota, inda kowa yake ganina har daga bakin masallaci. Mai ganga ya tsaya cak. Daga cikin mata na ji muryar Hajiya, matata: “To, yau ga Jidda ta zo mana har gida!”

Direba kuma ya ce shi kafin la'asar zai juya, ko da kayan ko babu.

Malam Idi bai yi dariya ba. Ya miƙo mini igiya na ɗaure ƙugu, sannan ya ce a hankali, “Alhaji, wanda ka gani a can ginin haɗi ne. Ana iya yinsa da ƙarfe ko katako ko kwano, shi ya sa wani ba ya da nauyi. Wannan kuwa zubi ne: siminti da tsakuwa da rodi a cikin mazubi, a bar shi ya bushe ya yi ƙarfi, sannan a kawo. Duka a wani wuri ake yinsu, amma shi wannan dutse ne. Yayan zoben rijiyar gidanka ne, ya dai fi shi girma.”

Shekara ashirin ina wuce filinsa kullum, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Daga nan shi ya karɓi gayyar. Ya sa aka haƙa gangare, motar ta shiga da baya har inda kayan suke ya yi daidai da ƙasa. Ya kawo ƙarfensa mai ƙafa uku da sarƙa, wanda yake zura zobe a rijiya da shi, aka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya a kan yashi. Shanun huɗa suka ja, maza suka mirgina. Kafin la'asar duk shidan sun sauka, ko ɗaya bai tsage ba. Ni aikina riƙe wa dagaci lema.

Da injiniya ya zo jera su ya tambayi wace mota muka samu. Na nuna masa Malam Idi, kuma wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, ko a lokacin da na fara hawa jirgi.

Ruwan farko ya sauka kwana tara bayan an gama. Na tsaya a kan kwalbatin ina kallon ruwa yana wucewa ta ƙarƙashina, 'yan makaranta suna wucewa ta gefena. Har yanzu Kwalbatin Zariya ake ce masa, kuma na daina jin haushi.

Tun daga ranar, in aka zo da sabon abu, kafin in ce “na gan shi a Jidda” sai na fara leƙa bayan gidana. Kuma duk ranar gayya, zariya biyu nake sawa.