Mitar da Jaka Ta Ƙi Juyawa

A wani daji da kwalta ta ratsa tsakiyarsa, dabbobi sun bar tafiya da ƙafa, kowa ya koma neman motar hannu. Da rigima ta yi yawa tsakanin masu saye da dillalai, sai majalisar kasuwa ta zauna ƙarƙashin shugabanta Kure, ta yanke hukunci ɗaya: duk motar da mitarta ta haura kilomita dubu ɗari ta tsufa, ba za a manna mata sitika ba, kuma ba za ta shiga ƙofar kasuwa ba. Cikin mako guda Biri ya kafa rumfa a bayan ofishin majalisa, inda yake mayar da mita baya. Daga nan ba a sake ganin tsohuwar mota a dajin ba.

A lokacin ne Jaka, macen jaki wadda ake kira Kyallu, ta zo sayen mota. Tumatir take nomawa a bakin rafi, ya nuna, bayanta kuma ya gaji da mangala. Dila dillali ya kai ta gaban wata mota mai sheƙi.

"Iya, ga taki. Ta Kunkuru ce. Shekara tara, dubu ashirin kacal ta yi. Ko masallaci a ƙafa yake zuwa."

Kyallu ta buɗe gaban motar. Ta taɓa fanbel, ya tsattsage. Ta zaro sandar baƙin mai, ta ga ya daskare kamar kwalta. Ɓera ya leƙo daga kujera, ya gaishe ta.

"Wannan ai gidan haya ne," in ji ta. "Waccan fa?"

"Ta Raƙumi? Dubu ɗari uku da goma. Iya, gawa ce."

Ta tayar da gawar. Injin ya kama a bugu ɗaya, bututun salansa ba hayaƙi, giya na shiga ba gardama. Raƙumi doguwar hanya yake bi, kan kwalta, kuma bai taɓa tsallake juyen mai ba. Duk ranar da ya juye ya rubuta a jikin ƙofa. Kyallu ta karanta rubutun tun daga sama har ƙasa, ta saye ta.

Dila ya sassauta murya. "To ki biya ta wurin Biri. Kafin ki gama shan ruwa ta dawo dubu sittin."

"Ta yi tafiyar ko ba ta yi ba?"

"Ta yi mana."

"To a bar mata abinta."

Ranar kasuwa ta loda kwanduna, mai gadi ya tare ta a ƙofa, aka kai ta gaban majalisa. Rana na dukan tumatir a waje. Kure ya gyara hula, ya yi jawabi.

"Baiwar Allah, wannan majalisa ba ta gaba da kowa. Don kare talaka muka kafa doka. Lamba ba ta son kai, ba ta da dangi. Dukkanmu nan motocinmu ba wadda ta kai dubu saba'in, wasu ma kullum raguwa suke. Ki je bayan ofis ki gyara, ki dawo mu manna miki. Ba mu tambayar yadda aka gyara."

"Ranka ya daɗe," in ji Kyallu, "shekara ashirin ina ɗaukar kaya. Na san jakin da ya yi tafiya aka kula da shi, na san wanda aka ɗaure a turke har ƙafarsa ta kumbura. Mita ta faɗa muku nisa ne, ba ta faɗi wanda ya riƙe motar ba. Ku aiko makanike ya duba injin, in ya sami aibi na haƙura. Amma ba zan biya a yi wa motata ƙarya don ku sami abin sa wa hannu ba."

Aka hana ta sitika. Rabin tumatir ya ruɓe a bakin ƙofa. Ta zubar, ta sayar da saura a gefen titi, kuma mako mai zuwa ta dawo gefen titin nan, mitarta na ƙaruwa a fili.

A mako na uku aka gayyaci majalisa babban taro a daji na gaba, domin a ba ta lambar yabo kan kawar da tsofaffin motoci. Motar Kunkuru, wadda Kure ya saya, ta tsinke fanbel a hawan farko. Ta mataimakinsa ta tafasa. Kyallu ta iske su tsaye a rana da manyan riguna, ta taka birki.

"Ina kuka nufa?"

Kure ya dubi kwandunan, ya dubi rana, ya shiga gaba. Sauran suka hau baya. Idonsa ya sauka kan mita.

"Sai dai fa tsohuwa ce, ranka ya daɗe," in ji ta. "In doka ta hana, ku sauka."

Kure ya cire hularsa, ya kifa a kan mitar, ya ce, "Mu je."

Sun isa a kan lokaci, sun karɓi lambar yabo. Jawabin shugaba ya yi kyau ƙwarai, sai dai ya gabatar da shi kai ba hula.