Hannun Audu Dogo

Zamanin Turawa ne, a kasuwar Boɗinga, wani baƙo ya tambaye ni labarin Audu Dogo, ɗan damben da ya karye a hannu. Ban taɓa ganin Audu ba, amma na gyara zama.

"Ya ƙare, malam! Bana ko tsohuwa ta kayar da shi. Na ga hannun."

"Awo? Da idonka?"

"Da idona!"

Da kaka na je kallon dambe garin Shagari. Makaɗi ya kira Audu, sai ga baƙon nan da hannu a naɗe. Goro ya faɗo daga bakina. Ya kayar da ƙarti uku, ya nufo ni, ya miƙo dunƙulen.

"Malam, sake duba mani shi."

Har yau, ko akuya ta yi ɗingishi, ni ake aikowa a kira in duba ƙafar.